Ƙafar da Ba Ta Zo Rawa Ba

Tudun Wada, Kaduna
9 ga Janairu, 2022

Zuwa ga angona, jikana Garzali, mai gadin ƙofar Larabawa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga amaryarka da ka tafi Doha ka bari. Ina lafiya, in ban da gwiwar hagu da ke gardama da ni kowace asuba. Gwaggonka Auta ta ce korona ta kama ka, an killace ka kwana goma, yanzu ka fito. Alhamdu lillahi. Ni dama na gaya mata cutar ba za ta daɗe a jikinka ba, don ba za ta samu naman ci ba.

Ka san ba na jin magana ta waya, kunnen dama ya daɗe da yin ritaya. Shi ya sa nake rubutawa, Auta ta ɗauki hoton takardar ta tura maka. Ajin yaƙi da jahilci na yi, shekara biyu, don haka in ka ga harafi ya karkace ka miƙar da shi da kanka.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Auta ta kara mini wayarta a kunnen hagu, na ji kiɗan da ka turo. Ta ce kai ne a kan ganguna, abokin ɗakinka Wahid ɗan Zongon Kumasi shi ne a kan piyano, wai tun kullen korona na farko kuke koyo a ɗakin ajiya na otal ɗin da kake gadi. Ta ce wai sabon kiɗa ne na mutanen Landan, sunansa asid jaz. Na yi dariya har na ƙware da kunu. Sabo? Garzali, na taka wannan kiɗan tun ubanka bai zo duniya ba.

Ba zan gaya maka a ina ba tukuna. Ka fara gaya mini abin da Wahid ɗin ya sani, in ji ko ya kai a ba shi labari.

Kakarka,
Haulatu

Muntaza, Doha
16 ga Janairu, 2022

Amaryata Hajiya Kaka,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na miƙar da haruffa goma sha ɗaya. Allah ya ba gwiwa haƙuri. Na warke sarai, na koma aiki, awa goma sha biyu a bakin ƙofa ina buɗe wa mutane ina sara musu. A gaishe da Gwaggo Auta da kowa da kowa.

Na karanta wa Wahid abin da kika ce. Shi ma'aikacin lantarki ne a otal ɗinmu, amma kansa cike yake da tarihin kiɗa. Ya ce in gaya miki shi bai ce sabo ba ne, ni ne na ƙara gishiri.

Ga yadda ya bayyana. Wajen shekarun 1970, masu kiɗan jaz a Amurka suka jona wa piyano da jita lantarki, suka gauraya jaz da kiɗan samarin lokacin. Shi ake kira fiyushan, wato haɗe-haɗe. A nan kowa gwaninta yake nunawa, mutum ɗaya sai ya yi minti goma yana yawo a kan piyano. A gefe guda kuma ga fank. Shi ganga da bes, jitar nan mai kaurin murya, su ke riƙe bugu ɗaya su yi ta maimaitawa, nauyin duk a kan bugun farko, har jiki ya motsa ko bai so ba. Bayan shekara goma sha wani abu, masu sa faifai a gidajen rawa na Landan suka riƙa tono tsofaffin faya-fayan nan da aka manta, suna sa wa matasa. Matasan suka ji daɗi, suka kafa ƙungiyoyi suna kaɗa irinsa da hannunsu. Gindin na fank, saman na jaz. Shi ne asid jaz.

To ke Kaka, da ban taɓa ganin kin wuce gyaɗa kai a gidan biki ba, ina kika taka shi? Landan ko Amurka?

Kuma ba ki ce komai a kaina ba. Kin san shekara huɗu na yi ina bin masu kalangu gidajen biki kafin in taho, hannuna ya fi na kowa sauri. Ki faɗi gaskiya, ya kika ji ni?

Angonki,
Garzali

Tudun Wada, Kaduna
2 ga Fabrairu, 2022

Ja'iri Garzali,

Bayan sallama da fatan kana cin abinci, don hoton da ka turo wuyanka kamar na zalɓe. Mu nan lafiya lau. Ka gaya wa Wahid ya ci jarrabawa, zai iya zama ya saurara.

Ba Landan ba, ba Amurka ba. Bayan tashar jirgin ƙasa, a nan Kaduna, shekarar 1974. Ina da shekara goma sha tara, ina soya kifi a ƙofar wani otal da ake rawar yammacin Lahadi, daga la'asar zuwa magariba. Masu kiɗan samari ne shida daga Ghana, suma kamar kwando a kai, wando mai faɗin ƙafa yana share titi. Wanda ke kan ganguna sunansa Alidu. E, shi. Kakanka da ka sani Alhaji mai tireda, mai carbi, mai hana ku buga bokiti a tsakar gida. Rufe bakinka.

Akwai Mutala, mai ogan, ɗan'uwan piyanon nan. Wani ma'aikacin jirgi ne ke kawo musu faya-fayai daga Legas, su zauna su saurara har allurar garmaho ta gaji. Mutala ya kamu da waɗanda Wahid ya kira haɗe-haɗe. Kakanka ya kamu da fank. Kullum faɗa. Mutala ya ce kakanka injin niƙa ne, abu ɗaya yake ta nanatawa. Kakanka ya ce Mutala akuya ce da ta tsinke igiya.

Wata Lahadi Mutala ya ce a bi shi. Ya shiga yawo a kan ogan, ya hau, ya gangara, ya saki hanya, duk sauran suna binsa a baya. Gwaninta kam an yi ta. Amma masu rawa ɗaya bayan ɗaya suka rasa inda za su sa ƙafa, suka fito waje wurina. Ranar ko ƙashin kifi ban koma gida da shi ba. Mai otal ya ce in an sake haka, su nemi wani wurin.

Lahadin da ta biyo na ji kakanka da kunnena, lokacin duka biyun na aiki, yana ce wa Mutala: "Ka je duk inda za ka. Ni da mai bes ba za mu motsa ba. In ka dawo, nan za ka tarar da mu." Haka aka yi. Ƙasa ta tsaya cak, Mutala da masu ƙaho suka yi ta shawagi a sama. Garzali, har direbobin tasha sai da suka bar motocinsu suka leƙo. Abin da mutanen Landan suka tono daga baya ke nan. Mu muna da shi da ɗuminsa.

Shekarar da aka kori 'yan Ghana ƙungiyar ta watse. Mutala ya hau babbar mota rungume da ogan ɗinsa. Kakanka ya tsaya, don uwarsa Bakanuwa ce, ya sayar da gangunan ya buɗe tireda.

Yanzu kai. Ka ce in faɗi gaskiya. Wahid ya iya, irin Mutala ne sak. Kai kuwa hannunka surutu gare shi. Duk numfashi sai ka zuba ado, ka tarwatsa bugun ka sake ɗauko shi. Sau uku ƙafata ta ɗaga tana neman wurin sauka, ka janye mata ƙasa. Kiɗanka ba ya takuwa, angona. Ka ajiye sandunan nan

Tudun Wada, Kaduna
21 ga Agusta, 2022

Zuwa ga mutumin da a da yake mijina,

Assalamu alaikum, in har yanzu ana amsa sallama a Doha. Muna lafiya. Ruwa ya sauka sosai bana, katangar bayan gida ta zauna, an tashe ta. Gwiwa tana nan da halinta.

Wata shida ke nan ba takarda. Kana kiran Auta ka ce a gaishe ni, kamar wata maƙwabciya. Azumi ya wuce, sallah biyu sun wuce. Har Ghana ta fitar da Najeriya daga zuwa gasar ƙwallon da za a yi a garinku, na ɗaura zanen kakanka na Ghana na zaga tsakar gida ina guɗa, ban samu wanda zan yi wa dariya ba. Ka hana ni hakkina.

In fushi kake don na ce hannunka na da surutu, to yana da shi. Ban janye ba. Amma ai ban bar ka haka ba, na ba ka magani. Ka gwada bai yi ba ne, ko girman kai ya hana ka sha?

Ka rubuto. Ni ba yarinya ba ce, ba ni da wata shida-shida da yawa da zan riƙa rabarwa.

Haulatu

Muntaza, Doha
12 ga Oktoba, 2022

Hajiya Kaka,

Wa alaikumus salam. Ki yafe mini. Layin ƙarshe na takardarki ya hana ni sukuni, Allah ya ƙara miki nisan kwana. Ina lafiya, aiki ne ya ninka, garin duk ya rikice da shirin gasa.

Gaskiya na yi fushi. Amma wane magani kike nufi? Waccan takardar a kan "ka ajiye sandunan nan" ta ƙare, ko sa hannu babu. Na ɗauka cewa kika yi in bar kiɗa, jikan Alidu bai gado shi ba. Na yi wata biyu ban taɓa ganga ba, sannan na koma don in nuna miki.

To ban nuna ba. Otal ya yarda mu ma'aikata biyar mu riƙa kiɗa a lambu lokacin gasa. Ranar Alhamis da yamma aka yi mana gwaji a gaban sauran ma'aikata. Mun fara lafiya, har 'yan kicin sun soma rawa. Sai babban manaja ya shigo. Kaka, wallahi ban yi niyya ba. Kin san a gidan biki in babban mutum ya shigo, mai kalangu yakan saki abin da yake kaɗawa ya yi masa take. Ga shi kuma shekara uku ina tsaye a ƙofa, aikina in ga mai shigowa in girmama shi. Hannuna da kansa ya saki bugun ya zuba wa manaja take, saura kaɗan in miƙe in sara. Na dawo da kyar. Sai mataimakiyarsa ta shigo, na sake. Sai shugaban kicin. Masu rawa suka tsaya cirko-cirko suna kallon juna, Wahid yana tsakiyar yawonsa ya waiwayo bai tarar da kowa a gida ba.

Da aka tashi ya ce mini: "Khalas, ya isa haka, Garzali. Kai maroƙi ne ko mai ganga?" Yana da wata na'ura kamar ƙaramin akwati mai buga ganga da kanta, ba ta san manaja ba, ba ta san kowa ba. Ya ce makon farko na gasa ita za ta kaɗa. Ranar da Ghana za ta kara da Koriya zai ba ni kujerar sau ɗaya. In na saki bugu ko sau ɗaya, na'ura ta gaje ni har a gama.

Kaka, shekara biyu da rabi nake jiran wannan kujerar. In akwai magani, ki aiko.

Jikanki,
Garzali

Tudun Wada, Kaduna
15 ga Oktoba, 2022

Angona, na mayar da kai ɗakinka,

Lafiya lau muke, sai Auta da ke ɓoye mini fuska tun jiya. Na sa an zazzage kwallar da nake ajiye takardu, na samo waccan wasiƙar. Gaba da baya na rubuta ta. Gwaggonka, ma'aikaciyar asibiti guda mai takardun makaranta cike da jaka, gaban kawai ta ɗauka ta tura. Kai kuma da ka ga magana ta yanke a tsakiya kamar an ɗauke wuta, maimakon ka tambaya sai ka kumbura. Ku biyun jinina ne, ba ni da wanda zan kai wa ƙara.

Ga abin da ke bayan takardar: ka ajiye sandunan nan na kwana uku, ka kalli ƙafafun mutane.

Saurara da kyau. Abin da ka yi wa manaja ba rashin hankali ba ne, tarbiyya ce a inda ba wurinta ba. Mai kalangu na mai shigowa ne. Mai gangar fank na waɗanda ke ciki ne. Sun ba ka amanar ƙafafunsu, ba ka da izinin ajiye ta don wani ya sa kwat.

Kakanka ma ya yi fama da wannan, shi da ya tashi cikin masu gangar bikin Zongo. Da mai otal ya leƙo sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ga yadda ya yi maganin abin. Na ɗaya, ya juya gangunansa, ƙofa ta koma bayan kafaɗarsa. Na biyu, kafin ya fara sai ya zaɓi ƙafa ɗaya a wurin, ya kafa mata ido har a tashi. Ba ta gwanin rawa ba, shi gwani ko tukunya ta faɗi zai taka. Ƙafar wanda bai zo rawa ba, wanda ke tsaye yana aikinsa. In wannan ƙafar ta fara dukan ƙasa ba da sanin mai ita ba, to ka samu bugun. Daga nan aikinka ɗaya ne, kada ta tsaya. In ka zuba ado ta yi shakka, adon ya yi yawa, rage. Ko gwamna ne ya shigo, ƙafar nan ce gwamnanka.

Ka san ƙafar wa ya zaɓa? Ta tagar zauren ana hango ƙofar otal, inda wata yarinya ke tsaye gaban kasko da silifas ruwan goro. Ni ban san ina yi ba. Ina juya kifi, ashe ƙafar dama tana can tana ba ƙungiya guda umarni. Lahadi uku yana kaɗa wa ƙafata kafin ya yi ƙarfin halin ɗaga kai ya ga fuskar. Da ya gani kuwa, ka san sauran, ga ubanka nan shaida.

Saboda haka in Wahid na ba da tarihi, ya ƙara da cewa a Kaduna gindin kiɗan nan a ƙafar Haulatu yake.

Ka gwada a ƙofar da kake gadi. Kana buga yatsa a cinya, kana kallon takalma. Na'urar nan kuwa kada ta ba ka tsoro. Ba ta sakin bugu, gaskiya ne, amma ba ta ganin ƙafa.

Auta za ta ɗauki wannan gaba da baya, ina tsaye a kanta.

Amaryarka,
Haulatu

Muntaza, Doha
29 ga Nuwamba, 2022

Hajiya Kaka, uwar gindin kiɗa,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, sai kafaɗa da ke ciwo, ciwo mai daɗi. Na san kin ji Ghana ta ci Koriya uku da biyu, na kuma san unguwa ba ta huta da guɗarki ba.

Ƙarfe bakwai muka hau, lambun ya cika maƙil da 'yan Ghana da tutocinsu, da wasu baƙi da ban san ƙasarsu ba. Na juya gangunan, ƙofa ta koma bayana. Wahid ya ajiye na'urarsa a kan piyano inda zan gan ta, da gangan.

Na duba ƙasa. Can gefe akwai teburin da ake zuba shayin karak, an rufe shi da farin ƙyalle wanda bai kai ƙasa ba. A ƙarƙashinsa na hango baƙin takalmi irin na ma'aikata, ƙafa biyu, ɗaya an ɗaure ta da jar igiya. Na ce to, ke ce gwamna.

A waƙa ta farko ƙafar ba ta motsa ba. Na rage ado, na sake ragewa, har ya zama ba abin da nake yi sai bugun farko da abin da ke riƙe shi, ni da mai bes kamar masu tuƙa tuwo. Tsakiyar ta biyu sai jar igiyar ta ɗaga, ta sauka. Ta sake. Kaka, daidai kan bugun farko! Daga nan ban san abin da ya faru a duniya ba. Sau ɗaya hannuna ya so ya yi surutu, na ga ƙafar ta yi jim, na dawo da shi. Wahid ya tafi yawonsa, ya yi nisan da bai taɓa yi ba, ya dawo ya tarar da mu inda ya bar mu. Na ji ya yi ihu: "Yalla, jikan Alidu!"

Da muka sauka ya ce babban manaja ya shigo da baƙi huɗu, ya tsaya a bayana kusan minti goma yana gyaɗa kai. Ban ma san ya zo ba. Wahid ya naɗe wayar na'urar ya sa ta a jaka, ya ce kujerar tawa ce har ranar wasan ƙarshe, sha takwas ga Disamba. Ya ce in gaishe ki, in ce Mutala na godiya.

Mai jar igiya kuwa ban ga fuskarta ba. Cikin ma'aikatan da aka ɗauko don gasa take, da an gama za su koma. Ina harhaɗa sanduna na ji muryar mace daga wajen teburin tana cewa da Hausar Zongo wai mai gangan nan ya hana mutum zuba shayi lafiya. Ban ɗaga kai ba. Kin ce ƙafa.

Angonki,
Garzali

Tudun Wada, Kaduna
1 ga Disamba, 2022

Garzali,

Lafiya muke. Auta ta sa mini abin da Wahid ya ɗauka a daren wasan. Ina cikin saurare, ita ce ta nuna mini ƙafata tana dukan ƙasa. Ta hagu ma, mai ciwon. Yau da man zafi na kwana, kai za a tambaya.

Na je na gaya wa hoton kakanka. Bai ce komai ba, amma dama shi ba mai surutu ba ne.

Sai dai kai wawa ne. Na ce ƙafa lokacin kiɗa. Wa ya ce maka har bayan an sauka? Kakanka Lahadi uku ya ɗauka, amma shi ya san kaskona ba ya zuwa ko'ina. Taka yarinyar kuwa jirgi za ta hau. Daga yau zuwa sha takwas ga wata, ka ƙirga da kanka.

Ka je ka sha shayi. Ka ɗaga kai, ka yi sallama kamar ɗan mutane, ka tambayi sunanta da na babanta da unguwarsu a Zongo. In fuskar ta yi daidai da ƙafar, ni na yafe maka auren namu, dama ba ka cika ciyar da ni ba.

Ka rubuto abin da ta ce, gaba da baya.

Kakarka,
Haulatu